Yadda ake zana abu a kwamfuta a fitar da shi da firintar 3D, ga wanda bai taɓa yi ba

Aikin farko da firintar 3D ta kawo mini kuɗi a shagona na Garwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata dattijuwa ce daga unguwar Yelwa ta aiko jikanta da fanka mai tsayuwa, lafiyarta ƙalau, sai dai ɗan murfin robar da ake murɗawa a kunna ta ya tsage. An zaga kasuwa ba a samu irinsa ba, kullum da filaya suke kunna ta. Na auna, na zana, na buga, kafin la'asar fanka ta koma gida. Da wannan murfin zan koya maka aikin, domin kusan duk abin da ɗan koyo yake bukata yana cikinsa.

Yadda injin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Yana jan zaren roba daga kan ƙwarya, ya narkar da shi, ya fitar da shi ta wani ɗan tsinin ƙarfe, yana shimfiɗa shi sahu bisa sahu har siffa ta tashi. Wanda ya taɓa ganin magini yana ɗaga katangar ƙasa, ya aza sahu, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani, ya riga ya fahimci rabin karatun. Da can injin na manyan kamfanoni ne kawai. Ya yi araha bayan da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009, ga kuma aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Ingila a 2005, wanda ya bar zanen injin a buɗe ga kowa. A 2013 ma wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya haɗa nasa a Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Kayan da za ka tanada

Ma'aunin kalifa, wanda makanikai a nan suke ce wa piye-a-kulis. Na sa shi gaba da inji da gangan. Sayi mai nuna lamba a fuska, ka haɗa da batir na ajiya. Idan babu, rula ta ƙarfe za ta yi maka aikin da ba ya bukatar daidaito sosai, amma ba za ta auna rami ba.

Kwamfuta. Ba sai sabuwa ba, tsohuwar laftof ta wadatar. Amma ka sayi linzami na hannu mai ɗan gare a tsakiya, don juya zane da allon taɓawa na laftof azaba ce.

Manhaja iri biyu, duka kyauta: ta zane da ta yanka, wato wadda take raba zanen sahu-sahu don inji. Ta zane, fara da Tinkercad, a intanet take aiki, kuma ana iya mayar da ita Faransanci. Inda intanet ke wahala, sauke FreeCAD sau ɗaya, ko ka kwafa a filas daga wajen wani. Ta fi wuyar koyo amma ba ruwanta da layi. Ta yanka kuwa Cura ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, ka ɗauki ɗaya ka zauna a kanta.

Injin kansa. Nemi mai amfani da zaren roba mai kaurin milimita 1.75 da tsini mai ramin 0.4. Ni da Ender 3 ta kamfanin Creality na fara, wadda take buga abu har faɗin milimita 220 da tsayin 250. Tana da 'yan rigingimu, amma kayan gyaranta sun fi na kowa samuwa, kuma a wajenmu wannan ya fi kyan fuska muhimmanci. Akwai wasu injinan masu amfani da ruwan roba da haske. Ka bar su tukuna, ruwan yana da wari, yana cin fata, kuma sai da wanki na musamman.

Zaren roba. Iri biyu za ka nema: mai suna PLA kilo 1 don koyo, mai suna PETG kilo 1 don aikin mutane. Zan yi bayanin dalili a gaba. Kilo ɗaya na PLA ya kai mita 330 ko kusa da haka, zai daɗe maka. Sai dai kaya daga Duwala ko Yawunde sai sun bi ta Ngawundere kafin su iso, wani lokaci mako biyu kana jira, don haka da ka buɗe ƙwarya ta ƙarshe ka aika a sayo wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran ƙananan kaya: katin memori ƙarami, filaya mai yanka, wuƙar kankara mai faɗin baki, makullan alan, gam na sanda irin na 'yan makaranta, alkol na kemis, tsinin ajiya kamar biyar, allurar share tsini, da bokiti mai murfi da za ka riƙa ajiye zare.

Sai maganar wuta. Regilate, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, dole ne. Idan da hali ka ƙara ondila, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko batir da inbata na sola. Injin irin nawa yana iya jan wat 300 da wani abu lokacin da yake ɗaukar zafi, in ya daidaita sai ya sauko wajen 100 zuwa 150.

Wanda ba shi da kuɗin inji yanzu kada ya tsaya. Mataki na 1 zuwa na 4 ba sa bukatar inji ko kaɗan. Ka zana, ka aika fayil ta WhatsApp ga mai inji, ya buga ya sa maka a mota.

1. Auna abin, ka zana shi a takarda

Cire tsohon murfin, ka dubi sandar ƙarfen da yake shiga. Za ka ga ba zagayayya ba ce gaba ɗaya, an shafe gefe guda don kada murfin ya riƙa zamewa. A fankar dattijuwar nan kaurin sandar milimita 6 ne, ta wajen shafaffen gefen kuma 4.5, tsawon da ya leƙo waje 10. Auna kowane wuri sau uku, ka rubuta. Kafin ka fara ka haɗe bakin ma'aunin ka tabbata sifili yake nunawa, kuma milimita yake ƙirgawa ba inci ba. Yarona ya taɓa kawo mini awo da inci, muka buga wani abu da ko yatsa ba ya shiga.

Zana shi da biro ta sama da ta gefe, ka sa lambobin. Kada ka tsallake takardar nan don kana ganin ɓata lokaci ce.

2. Zana shi a Tinkercad

Buɗe asusu, ka fara sabon zane. Za ka ga fili mai layi-layi kamar takardar lissafi, a hannun dama kuma siffofi: akwati, gwangwani, ƙwallo da sauransu. Kafin komai ka ɓata minti goma kana juya filin: riƙe maɓallin dama na linzami ka ja don zagayawa, murza garen don matsowa ko nisantawa.

Dabarar manhajar gaba ɗaya guda ce. Kowace siffa ko dai tana da jiki, ko kuma rami ce. In ka haɗa mai jiki da rami, ramin zai cinye inda ya taɓa.

Jawo siffa mai kusurwa shida, irin kan noti, ka ba ta faɗin 30 da tsayin 15. Na fi son ta da zagayayya saboda hannu ya fi kama ta. Kada ka ja da linzami kana kintace. Danna lambar ka rubuta da kanka.

Yanzu ramin, kuma nan ne ɗan koyo yake faɗuwa. Sanda 6 ce, to ba za ka yi rami 6 ba. Roba narkakkiya tana ɗan bajewa, rami kullum yana fitowa a matse. Ƙara 0.2 zuwa 0.3. Jawo gwangwani ka ba shi faɗin 6.3 da tsayin 10, ka kai yawan gefunansa ƙarshe don ya zagaye sosai. Jawo akwati, ka mai da shi rami, ka matso da shi har ya shiga gefen gwangwanin da milimita 1.6, abin da ya rage zai zama 4.7. Zaɓi biyun ka danna Ctrl da G, su haɗe. Ka samu siffar sandar ke nan. Ita ma yanzu ka mai da ita rami, ka ɗaga ta milimita 5 daidai don kada ta huda murfin har ƙasa. Zaɓe ta tare da murfin, danna harafin L, ka taɓa ɗigon tsakiya ta gefe biyu don ta zauna a cibiya, sannan ka sake haɗewa.

Ka lura bakin ramin sama yake kallo, fuskar murfin tana ƙasa. Da gangan ne.

Danna Export ka zaɓi STL, wato irin fayil ɗin da manhajar yanka take karantawa. Ba wa fayil ɗin gajeren suna.

Akwai zanuka na kyauta birjik a shafukan intanet na Thingiverse da Printables, ba laifi ka ɗauko. Amma wanda ya saba da ɗauko na mutane kawai, ranar da aka kawo masa ƙugiyar keken ɗinki ta karye sai ya tsaya yana kallo, domin ba wanda ya zana ta a can.

3. Yi tunanin yadda abin zai kwanta

Inji ba ya gini a kan iska. Kowane sahu sai ya sami na ƙasa da zai hau. Zai iya leƙowa waje kaɗan-kaɗan, har karkatar digiri 45, bayan nan sai roba ta fara zubowa kamar taliya. Abin da ya wuce haka sai an yi masa tokara, wato wasu siraran ginshiƙai da manhaja take ƙarawa, a ɓalle su daga baya. Tokara tana cin zare, tana cin lokaci, tana barin tabo. Da mun kifa murfin nan bakin rami yana ƙasa, da rufin ramin ya rataya a iska. Juya shi kawai ya raba mu da wahalar.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Abin da aka buga yana da rauni a tsakanin sahu da sahu, kamar itace da yake tsagewa ta tsawonsa in an sa gatari. Ƙugiyar rataye kaya in ka buga ta a tsaye, nauyi kaɗan zai ɓalle ta a wuya. Kwantar da ita a gefenta, zaren ya bi lanƙwasar, sai ta ɗauki abin da ba ka zata ba.

4. Yanka

Buɗe manhajar yanka, ka zaɓi sunan injinka a jerin, ka jawo fayil ɗin ciki. Aikinta ta yanyanka zanen sahu-sahu ta rubuta wa injin hanyar da zai bi. Saituttuka sun fi ɗari, kaɗan kawai za ka taɓa.

Kaurin sahu milimita 0.2. Bango hawa 3, abin da zai sha wuya 4. Ciko, wato saƙar da ke cikin abin, kashi 20 cikin ɗari. 'Yan koyo suna son kai shi ɗari wai don ƙarfi, alhali ƙarfin a bango yake. Zafin tsini na PLA digiri 200 zuwa 210, faranti, wato wurin da inji yake gini a kai, 50 zuwa 60. Na PETG tsini 230 zuwa 245, faranti 70 zuwa 80. Kowace ƙwarya akwai nata lambobin a manne a jikinta, su za ka bi in sun saɓa da nawa. Tokara a kashe. Idan gindin abu siriri ne ka kunna masa baki, wani ɗan faifai da ake shimfiɗawa kewaye da shi kamar gefen malafa.

Danna yanka, sannan ka duba sahun ɗaya bayan ɗaya a fuskar gwaji. Za ta faɗa maka awa nawa da giram nawa. Murfinmu bai wuce giram 5 ko 6 ba, ƙasa da awa ɗaya. Da waɗannan lambobin biyu ake yanke wa mai kaya kuɗi. A ce ka sayi kilo da sefa 15,000, giram ya tashi 15 ke nan, robar murfin ba ta kai 100 ba. Abin da kake sayarwa awonka ne da zanenka da lokacin inji, kada ka ji kunyar faɗin haka.

Ajiye fayil ɗin a katin memori.

5. Shirya inji

Tun kafin ka sa filogi, leƙa jikin akwatin wutar injin. Wasu suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu 220 ce, dole ya nuna 230. Wani abokina ya haɗa nasa cikin ɗoki bai duba ba, ƙara ɗaya muka ji da ƙauri.

Aza shi a kan tebur mai nauyi wanda ba ya rawa, nesa da taga, kuma kada fanka ta riƙa bugun farantin kai tsaye. Taɓa bel ɗin, ya zama a ɗaure ba sako-sako ba. Girgiza faranti da kan injin a hankali. In suna lilo, akwai noti a bayan tayoyinsu da ake ɗan murɗawa.

Sai daidaita faranti, wanda shi ne rabin sana'ar. Kunna zafi, faranti 60, tsini 200, domin ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi. Umarci inji ya koma mazauninsa, sannan ka saki motocinsa don ka iya tura kan da hannu. Kai tsinin kusurwa ta farko, ka zura farar takarda a ƙarƙashinsa, kana murza garen da ke ƙasan farantin har ka ji takardar tana wucewa amma tana ɗan karce. Haka za ka yi wa kusurwa huɗu, ka sake zagayowa sau biyu, saboda gyara ɗaya yana taɓa ɗaya. Yi hankali da yatsunka, digiri 200 ba wasa ba ne. Sababbin injina suna yin wannan da kansu, amma ka koya duk da haka.

Goge farantin da alkol. Daga nan kada ka ƙara sa hannu a kai, maiƙon yatsa yana hana kamu. In PETG za ka buga a kan gilashi, shafa gam siriri, in ba haka ba yana iya mannewa har ya ɓantaro gilashin.

Yanke bakin zaren a karkace, matse hannun da ke riƙe shi, ka tura har ka ga roba tana fitowa ta tsini. Kada ka taɓa sakin bakin zare ya koma kan ƙwarya sakaka. Zai shige ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ƙulle maka a tsakiyar aiki.

6. Buga, ka tsaya a kan sahun farko

Sa kati, zaɓi fayil. Kada ka tafi ko'ina. Sunkuya ka zuba wa sahun farko ido. In layukan suna fitowa zagaye, suna rabe da juna, tsini ya yi sama. In sun yi fayau kamar ana gogawa, ko ka ji injin yana ƙas-ƙas, ya yi ƙasa da yawa. Abin da ake nema layi ya ɗan baje, ya manne da na kusa da shi, in ka duba kamar an shafe da cokali. Ana iya murza garen kaɗan yana cikin tafiya. In ya ƙi, tsayar, kankare, sake. Minti biyu ka yi asara.

Ga wata dabara da ta cece ni zare mai yawa. Kada ka buga murfin gaba ɗaya a karon farko. Yi ɗan zobe mai kaurin milimita 3 da ramin kawai, minti biyar ya fito, ka gwada a sanda. Ya matse, ƙara 0.1. Yana kwance-kwance, rage. Sai ramin ya zauna daram sannan ka buga na gaske. Rubuta lambar da ta yi a littafi, ita ce halin injinka.

In ya gama, bari faranti ya huce, sau da yawa abin da kansa yake saki. In sai da wuƙa, tura ta nesa da ɗaya hannun. Ina da tabo a babban yatsa.

7. Abin da garinmu yake yi wa wannan aiki

Bidiyoyin da za ka kalla yawanci a ƙasashen sanyi aka yi su, ba za su faɗa maka wannan ba. PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60. A watan Afrilu, da rana ta take a Garwa ko Marwa ko Injamena, cikin motar da aka rufe yana kai haka. Na buga wa wani direba mariƙin waya da PLA, bayan kwana uku ya dawo da shi a lanƙwashe kamar dafaffiyar kuɓewa. Ya ce, “Malam, wannan roba ce ko alewa?” Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne.” Na sake masa da PETG, wanda yake jurewa har wajen 80. Tun ranar, duk abin da zai shiga mota, ko ya hau babur, ko ya zauna kusa da rufin kwano, ba na yin sa da PLA.

Zafin yana damun injin ma. In ɗaki ya yi zafi ƙwarai, PLA yakan yi laushi tun bai kai tsini ba, ya toshe hanya. A bazara da dare nake buga shi ko da asuba, kuma ba na rufe injin cikin akwati.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tana hawa kan zare, ta bi shi har cikin tsini. Yanki ɗan soso, ka tsaga, ka maƙala shi a kan zaren kafin ya shiga inji, ka riƙe da abin shanya. Bayan mako ka buɗe ka ga abin da ya tara. In ba a aiki, lulluɓe injin da zane.

Da damina kuwa, musamman Agusta, zare yana shan danshi. Alamarsa ka ji yana tas-tas a bakin tsini, abin ya fito da gashi-gashi kamar yanar gizo-gizo. Ajiye shi a bokiti mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wanda ya riga ya jiƙa, aza shi a farantin injin a digiri 45 zuwa 50, kifa kwali a kai, ya yi awa 5 ko 6.

Sai ɗaukewar wuta. Na taɓa yin aikin awa 11, a ta tara wuta ta tafi. Injin yana da dabarar ci gaba daga inda ya tsaya, amma kafin a dawo da ita faranti ya huce, abin ya saki. In ba ka da batir, raba babban aiki gida biyu ko uku tun a zane, ka buga ɗaya-ɗaya, ka haɗa da sufagulu. In janareta za ka yi amfani da shi, ka bi ta regilate.

8. Gyaran ƙananan matsaloli

Roba ta daina fitowa: kunna zafi ya ɗan wuce na kullum, zura allura ta ƙasa. In ya ƙi, canja tsini, amma da zafinsa ake kwancewa kuma da zafinsa ake ɗaurewa. Kusurwa tana ɗagowa: faranti ya yi datti ko iska tana bugunsa. Abin ya goce gefe daga tsakiya: bel ya saki. Gashi-gashi alhali zare a bushe yake: rage zafi da digiri 5. Ko me za ka gyara, abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Akwai aikin da nake mayarwa ko nawa za a biya: duk abin da ya shafi birki ko sitiyari, soket na wuta, abin da zai zauna kusa da murhu, da cokali ko kofin da za a riƙa ci da sha a ciki, don datti yana maƙalewa a tsakanin sahu, wanki ba ya fitar da shi.

Bayan murfin fanka, nemi abu na gaba a cikin gidanku: murfin batir na rimot, ƙafar firij da ta ɓace, maƙalin labule. Murfin rimot ɗin zai ba ka wuya saboda ɗan harshen da yake maƙalewa, sai ka buga shi sau uku ko huɗu. Fara da ƙafar firij.